Igiyar Ƙarfe Ba Ta San Kara Ba

Assalamu alaikum, Abba.

Ina gaishe ka gaisuwar uba da ɗansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, duk da cewa tsakanin ɗakina da naka bai kai taku ashirin ba. Na san za ka yi dariya, ka ce tsohon nan me ya same shi yake rubuta wa mutumin da suke cin tuwo a gida ɗaya wasiƙa. Yi dariyarka. Sunan mahaifina gare ka, tun kana tsumma ban iya kallon idonka in yi doguwar magana ba, yanzu kuma jibi jirgi zai ɗaga da kai. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Talata a zaure ka nuna min hoton bidiyo a salularka, na aikin da abokinka ya samo maka a can ƙasar waje, wanda za ka riƙa yi kana karatu. Babur mai ƙafa huɗu, an ɗaura masa allon ƙarfe a gaba kamar garma, yana ture dusar ƙanƙara daga ƙofar gidajen mutane. Kai farin garin kake kallo, ni kuwa idona yana kan ɗan wincin da ke ɗaga allon yana sauke shi. Na ce ka mayar da hoton baya, ka mayar. Na ga igiyar ƙarfen, wadda mu a bakin aiki waya kawai muke ce mata, ta yi gashi daidai inda take gogar rola, wato ƙarfen da ke juyawa tana bi ta kansa. Da na nuna maka, sai ka ce, "Baba, can fa ba nan ba ne. Komai nasu ana dubawa." Na ce to. Wannan "to" ɗin ne ya tsaya min a wuya har yau.

Ban san dusar ƙanƙara ba. Iyakar sanina ita ce ƙanƙarar da ke zubowa da ruwan farko, muna yara mu fita tsakar gida muna tsinta muna jefawa a baki. Amma shekara talatin na yi a kan janwe ina ciro motoci daga rami, kuma waya waya ce ko a ina aka murɗa ta. Tsorona ɗaya ne, kada ka dawo min da hannu a naɗe. Don haka zan gaya maka kurakuraina, har da wanda na ɓoye maka tun kana goye, ko da hakan zai rage min daraja a idonka.

Ba a gareji na fara koyon waya ba, a bakin rijiyar gidanmu ta Mandawari ne, wadda aka rufe da kankare shekarar da aka ja mana famfo. Ba ka riske ta ba, kuma ka yi rashi. Ruwanta sanyi kamar na randa, maƙwabta har daga lungu na uku suke zuwa ɗiba. An gicciya itacen giginya a bakinta, igiya ta ci jikinsa ta yi masa zane-zane masu zurfi, har ɗan yatsana yakan shige. Mahaifiyata, Inna, duk ranar Juma'a da hantsi sai ta janye igiyar guga gaba ɗaya ta shimfiɗa a tsakar gida, ta bi ta taku-taku tana murzawa. Ba ta ɓata lokaci a tsakiya. Wuri biyu take dubawa, wuyan guga da inda igiyar ke kwanciya a kan itace. In ta ga ramar ta fara furfura sai ta juya igiyar, kai ya koma gindi, ko ta yanke wurin ta sake ƙulli. Na taɓa ce mata, "Inna, igiyar nan ai sabuwa ce." Ta ce, "Sabuwa ce a inda ba ta aiki." Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar gugan nan yana dukan ruwa, da muryarta tana yi wa ƙannena faɗa kada su leƙa.

To abin da na gani a salularka ke nan. Mu a janwe mukan warware waya mai tsawo mu naɗe, ciwon ya rarrabu a jikinta. Naku kuwa allon ne kawai ake ɗagawa a sauke, a ɗaga a sauke, wuni guda, kuma kamu ɗaya ne na wayar yake shan wahalar, yana lanƙwasa a kan rola. Sauran tana naɗe a gangar winci tana ƙyalli, tana yaudarar mai dubawa. Kullum kafin ka tayar da injin ka sauke allon ƙasa, ka sassauta wayar, ka duba wannan kamun. In sili ya tsinke ko uku ne, ko wayar ta baje ta daina zama kewayayya, kada ka ce bari a gama yau. A yanke wurin, a ja sabon wuri gaba, a sake ɗaura ƙugiya. Tsawon waya da ya ragu ba ya kashe kowa.

Kuskurena na farko na burga ne. Ina sabon shiga, na ga manya suna bin waya da tafin hannu suna neman ƙaya, wato silin da ya tsinke ya miƙe. Ban lura akwai tsumma a dunƙule cikin hannunsu ba. Wata rana a Ƙofar Mazugal, muna ɗaga wata motar haya da ta faɗa kwata, mutane sun taru har da 'yan mata masu tallar gyaɗa, sai na ce bari in nuna ni ma na iya. Na damƙi waya na zuge ta da hannu tsirara. Sili ɗaya ya shiga ta tafin hannuna ya leƙo ta baya. Ban yi ihu ba saboda 'yan matan, amma fitsari ya kusa kunyata ni. Tabon da kake wasa da shi kana ƙarami, ina ce maka cizon kada ne, to ga kadan nan. Ka sa safar hannu ta fata mai kauri, ka bi wayar da tsumma a hankali, duk inda tsumman ya maƙale akwai magana. A can kuma sanyi zai kashe maka yatsu, ƙaya ta shige ka ba ka ji ba sai ka ga jini.

Na biyu na haɗama ne. Winci yana da murya, Abba. In yana aiki cikin daɗi kukansa ɗaya ne, in kaya ya kai ƙarshe sai kukan ya yi nauyi, kamar mai nishi. Ni a ƙuruciyata ba na sakin maɓalli sai na ji nishin nan, wai don in tabbata kaya ya hau sosai. Haka na riƙa miƙar da waya ina cinye ranta ban sani ba, har wani tsohon direba ya buge min hannu ya ce, "Kai, jaki ma in ya tsaya ana sauke sanda." Allonku in ya tashi daga ƙasa kamar tsawon tafin hannu ya isa, ka saki. In ka ci gaba da ja bayan ya kai maƙura, ƙarfe ne yake jan ƙarfe, kuma wayar ce za ta biya. In ka gama aiki kada ka bar allon a rataye, sauke shi ya huta a ƙasa. Na ji kuma gishiri suke watsawa a hanya don ƙanƙarar ta narke. Gishiri abokin tsatsa ne, tsatsa kuwa daga ciki take fara ci. Ka wanke wayar, ka bar ta ta tsane, ka shafa mata mai kaɗan. Lokaci-lokaci ka warware ta duka, ka sake naɗe ta a tsare tana ɗauke da nauyi, don kada wani zagaye ya hau kan wani ya murƙushe shi.

Akwai kuma shekarar da na sayi sabuwar waya dal a Sabon Gari, ina ta fahariya, ba ta yi wata biyu ba ta yi gashi. Na koma na zazzage wa mai shago rashin mutunci, na ce jabu ya sayar min. Mutumin nan ya biyo ni har gindin mota, ya sa farce a jikin rolata. Tsohuwar waya ta riga ta sassaƙe ta, ta yi mata kaifi kamar bakin wuƙa. Ya ce, "Alhaji, ka sa sabuwar riga a kan ƙaya." Ban je Makka ba a lokacin, Alhajin nan na zolaya ne, kuma na cancanta. Duk ranar da aka canza waya a duba rola, in ta yi zane a canza ta ita ma. An ce min yanzu akwai igiya ta zare mai ƙarfi da ake sawa a madadin ta ƙarfe. Ban yi aiki da ita ba, ba zan yi maka ƙaryar sani ba, amma hankali ya ba ni cewa rolar da ta ci ƙarfe ba za ta bar zare ba.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye don kada in zo.

Ka san Kawu Lawan na Kasuwar Kurmi, mai sayar da kayan yaji, wanda babu hannunsa na dama daga wuyan hannu. Ka tashi ka ga ina zuwa rumfarsa duk Juma'a, an kuma gaya maka tare muka yi aikin janwe, tsautsayi ya same shi, ni na ɗauke shi a kafaɗa na sa a mota zuwa asibiti. Duk gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Lawan ba yarona ba ne, abokina ne, ya ma girme ni da shekara biyu. Tare muka yi makarantar allo, tare muka haɗa hannu muka sayi janwen. Shi ne mai kama ƙugiya, ni ina kan winci. Shekara goma sha ɗaya muna ci a kwano ɗaya a gefen titi, ya fi ni loma, na fi shi surutu. In muna dawowa daga aiki yakan buga jikin ƙofar mota da yatsunsa yana waƙa, muryarsa ba daɗi, ni kuma ba na hana shi. Ban taɓa jin daɗin sana'a kamar shekarun nan ba.

Da damina ne, kana goye a bayan babarka. Aka kira mu hanyar Gwarzo, wata babbar mota ɗauke da buhunan masara ta zame ta kwanta a laka. Mun isa da hantsi. Ja na farko wayarmu ta tsinke a kusa da ƙugiya, daidai inda na ga ta yi gashi tun sati biyu ina cewa gobe. Ba wanda ya ji ciwo. Gyaran da ya dace sananne ne: a yanke bakin ya daidaita, a lanƙwasa wayar a kan ɗan ƙarfen nan mai kamar kofato don kada ta karye, a kama ta da maɗauri uku masu noti, gadon maɗaurin, wato faffaɗan gindinsa, yana kan ɓangaren da ke ɗaukar kaya, a ɗaure tamau. Na buɗe akwati na tarar maɗauri ɗaya ne ya rage, na ba wani aro na manta. Komawa gari a sayo zai cinye rabin wuni. Hadari yana haɗowa, mai masara yana ta safa da marwa yana cewa in ruwa ya sauko ya shiga uku.

Aka kira azahar, Lawan ya tafi alwala a wani rafi can ƙasa. Ni kuwa na dubi wayar nan, hannuna ya tuna abin da ya iya tun ina ɗan shekara bakwai. Na yi mata ƙullin guga, irin wanda Inna ta koya min, wanda bai taɓa kwancewa a rijiya ba. Da guduma na buga shi ya zauna. Na san rama daban ƙarfe daban. Rama in ka ƙulla ta ƙara kama kanta take yi, ƙarfe kuwa in ka lanƙwasa shi haka ka karya masa baya. Na sani sarai. Na ɗauko tsohon buhu na rufa a kan ƙullin, kamar yadda muke rufawa don rage dukan waya in ta tsinke, amma Allah ya sani ba don haka na rufa ba.

Lawan ya dawo yana gyara hula, ya ce, "Ka kama ta?"

Na ce, "Na gama."

Ya je wajen ƙugiya, na hau winci. Motar ta fara tasowa, mai masara yana ta kabbara. Sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Buhun ya yi sama, wayar ta yi bulala, na ga Lawan a zaune cikin laka yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba.

Kowa ya ce tsautsayi, wanda ba ya wuce ranarsa. Na bar su suka faɗa, har ni ma na riƙa faɗa. Guntun wayar mai ƙullin na jefa shi a rafi kafin mu bar wurin. Na kama masa rumfa a Kurmi, mutane suna ta yabona, wai ga aboki na gari. Duk yabon nan kamar garwashi yake sauka a kaina. Abin da ya fi ci min rai shi ne, tun daga ranar Lawan bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da kowa ba. Ko a wajen biki sai ya ce ya ƙoshi, don kada ya sa hagu a abincin mutane. Mutumin da ya fi ni loma.

Shekaranjiya, bayan ka nuna min hoton nan, na kasa zama. Na tafi Kurmi ba ranar Juma'a ba. Na same shi yana auna wa wata mata kanumfari, ya danne ma'auni da dungulmin. Da ta tafi na zauna a kan benci, na ce, "Lawan, akwai maganar da na riƙe maka shekara ashirin da bakwai." Na faɗa masa duka, ban rage ba, har da buhun, har da rafin. Ina magana ina kallon ƙasa.

Da na gama sai ya ce, "Ƙullin guga ne, mai kunne biyu."

Na ɗaga kai.

Ya ce, "Na ɗaga buhun na gani kafin in kama ƙugiya. Na san ba zai riƙe ba."

Na ce, "Ka gani? To me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Kai fa ka ce ka gama, a gaban mai kaya da mutanensa. In ce ka kwance, in mayar da kai ƙaramin mutum a bainar jama'a? Na yi maka kara. Na ce a raina wataƙila Allah ya rufa asiri ta ɗaga sau ɗaya." Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Kai kana ɓoye min ƙulli, ni ina ɓoye maka na gani. Mun yi wauta mu biyu, Sani. Na yafe maka tun muna cikin motar asibiti, kai ma ka yafe min da na bar ka da wannan kaya."

Abba, ban yi kuka a jana'izar mahaifina ba, amma na yi a rumfar kayan yaji, har maƙwabcinsa ya ɗauka barkono ne ya shiga min ido.

To ka ji. Ƙullin nawa ne, ba na raba laifin da kowa, kuma kada ka taɓa ƙulla waya ko ta ɗaga allo ce kawai, ko mai aikin yana tsaye a kanka. Amma abin da ya fi tsorata ni game da kai ba ƙulli ba ne, shirun Lawan ne, domin halinku ɗaya. Mu muka yi maka tarbiyyar nan, kada ka musa wa babba, kada ka kunyata wanda ya yi maka alheri, in an ba ka abu ka karɓa ka yi godiya. A gida ado ne, kuma ina alfahari da kai a kansa. Amma za ka je wurin da kake baƙo, abokinka ne ya yi maka hanya, mai aikin ya girme ka, za a miƙo maka babur a ce lafiyarsa ƙalau. Za ka duba ka ga gashi a jikin waya, kunya ta kama ka, ka ce kada a ce sabon zuwa ya cika ƙorafi, kada in zubar wa abokina da mutunci. A wannan lokacin nake so ka buɗe baki. Ka faɗa da ladabi, amma ka faɗa, kuma kada ka hau sai an gyara. In sun kore ka a kan haka, ka kira ni, ni zan yi maka barka. Mutum ake yi wa kara, igiyar ƙarfe ba ta san ta ba.

Na gaya wa Kawunka zan rubuta maka wannan. Ya ce in rubuta, amma da sharaɗi, wai kada ka tafi sai ka zo kun ci abinci tare, kai da shi da ni, a kwano ɗaya. Na ce, "Lawan, kai da ka daina?" Ya ce yana so yaron ya zauna kusa ya ga yadda ake cin tuwo da hagu, zai fi masa takardata amfani. Saboda haka gobe bayan azahar ka shirya, babarka za ta yi tuwon shinkafa mu tafi da shi. In ka karanta wannan kada ka zo ka ce min komai, ba zan iya ba. Ka dai zo ka ɗauki kwanon mu tafi.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa ka sauka lafiya, ya ba ka abin da ka je nema. Allah ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin gaggawa, ya ba ka bakin magana a inda shiru yake cutarwa. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe wa tsohonka abin da ka ji yau. Allah ya dawo mana da kai cikin Kano da ƙafafunka, ka miƙo min hannun dama mu gaisa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani